Agwagin da Suka Juya wa Juna Baya

Ranar da tukunyar tururi ta shagon wanki da guga na Mista Noh ta tsaya cak, a ranar 'yarsa Bomi, mai kiransa Appa, ta fara ganin Insu. Garin Palisades Park na ƙasar Amurka ya tashi da dusar ƙanƙara, kayan mutane sun taru, sai ga wani dogon saurayi ya shigo da akwatin kayan gyara, kunnuwansa sun yi ja don sanyi. Maimakon ya nufi inji, sai ya tsaya yana kallon tsuntsayen katako da aka jera a kan kanta.

"Na sayarwa ne?" ya tambaya.

"Na babana ne, a gareji yake sassaƙa su. Ba ya sayarwa, ba ya kyauta, kallon ma da ƙyar."

"To ni kallon ya ishe ni," ya ce, amma ba tsuntsayen yake kallo ba.

"Malam, inji yana ciki," ta ce tana danne dariya.

Gyaran da bai kai ya kawo ba, sai da Insu ya yi masa sawu uku. A Ohio ya tashi, shi da mahaifiyarsa kaɗai, don haka yarensu na Koriya a bakinsa duk a karye yake. Bomi ta yi ta tsokanarsa, tun yana jin kunya har ya koma yin kuskuren da gangan. Kafin ƙanƙara ta narke, ta fara kiransa Oppa, yadda 'yan matan Koriya ke kiran masoyi, shi kuma yana ce mata 'Yar Tsuntsuwa.

"'Yar Tsuntsuwa, kin ci abinci?" ya rubuto mata wata rana.

"Na ci. Kai fa, ko taliyar leda ce yau ma?"

"Ki aure ni ki cece ni daga taliya."

"Ka zo ka faɗa wa Appa da bakinka, in ka isa."

Gidan su Bomi kuwa, tun rasuwar Omma, mahaifiyarta, bai sake zama daidai ba. Silifas ɗinta suna nan a bakin ƙofa. Keken ɗinkinta yana nan a falo, mayafin da take harhaɗawa da ƙyallaye masu launi yana maƙale a ƙarƙashin allura, inda ta tsaya. Kullum da yamma Appa sai ya zuba shinkafa kwano uku, alhali su biyu ne. Wani lokaci Bomi tana wanke-wanke sai ta ji kamar ƙarar keken daga falo, ta leƙa ta ga ba kowa, gabanta ya yi ta faɗuwa.

A kan kabad kuma akwai agwagin auren iyayenta, mace da namiji, na katako. A al'adar Koriya, kowane gidan aure yana da irinsu: in ana zaman lafiya suna fuskantar juna, wanda ya yi fushi kuma sai ya juya tasa. Nasu sun juya wa juna baya, haka Bomi take goge ƙurarsu ba tare da ta motsa su ba. Ta san Appa ba ya so a taɓa, amma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Ranar Lahadi bayan coci Insu ya zo da kwalin 'ya'yan itace, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Appa ya gyaɗa kai, ya tashi ɗauko shayi, Bomi ta bi shi da murna. Insu da aka bari shi kaɗai ya hango agwagin, ya ɗauka mai shara ne ya karkatar da su. Ya miƙa hannu ya gyara, suka fuskanci juna. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tiren shayin ne ya fara faɗuwa daga hannun Appa.

"Wa ya ce ka taɓa?" in ji Appa. Ya mayar da macen yadda take da hannu biyu, a hankali. "Fita. Kada ka sake taka min gida."

"Abonim, ban sani ba, don Allah..." in ji Insu, yana kiransa da sunan girmama suruki.

"Na ce ka fita!"

Labari bai kwana ba ya kai wa gwaggon Bomi, yayar Appa, wadda dama tana da ɗan takararta, wani likitan haƙori ɗan ƙungiyar mawaƙan coci. "Me ake jira daga yaron da ubansa ya gudu ya bar su?" in ji ta. "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ta gayyaci Bomi cin naman gashi, Bomi ta je ta tarar da likitan a zaune ya sha turare. Ba ta ci loma biyar ba ta tashi, amma gwaggo ta riga ta ɗauki hoto ta watsa a zauren matan coci na waya. Daga nan ya kai wayar Insu.

"Na ga hoton. Ya fi ni dacewa da gidanku. Allah Ya ba ki farin ciki, Bomi."

Bomi, ba 'Yar Tsuntsuwa ba. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, sannan kukan ya koma fushi, ta nufi gareji inda take jin ƙarar samfefa.

Appa yana zaune cikin ɓarɓashin katako. A gabansa akwai agwagwa namiji, gamamme, mai sheƙi, da wani guntun itace da aka fitar masa da wuya da ƙirji kawai.

"Appa, saboda babansa ne?"

"A'a."

"Saboda ba likita ba ne?"

"Yaron ba shi da laifi." Ya daɗe yana shafa guntun itacen. "Waɗannan naki ne. Na yi wa mahaifiyarki alkawari ba za ki bar gidan nan ba sai da agwagin da na sassaƙa da hannuna. Namijin na gama tana raye. Safiyar ranar da ta faɗi a shago ta rasu, mun yi cacar baki. Ɓarɓashin katako na shigo da shi a ƙafa ya ɓata mata ƙyallaye. Ta juya tata, ta fita. Wanda ya juya shi ke mayarwa, Bomi. Jiranta nake yi."

Bomi ta zauna a ƙasa.

"Kin san abin da manya suke faɗi," ya ci gaba. "Mai sassaƙa agwagin aure rabonsa yake zubawa a cikin itacen, shi ya sa ake neman wanda aurensa ya cika. Ni matata ta tafi tana fushi da ni. In na ƙarasa wannan, abin da zan ba ki ke nan. In ban ƙarasa ba, na karya mata alkawari. Da likita da mai gyaran inji, duk wanda ya zo korarsa zan yi."

Ta fita waje ta rubuta wa Insu komai. Ta ƙare da cewa: "Hoton makircin gwaggo ne. Oppa, ni kai nake so, ba ni da wani. In kana sona ka zo, ko da za a sake korarka."

Washegari da yamma ya zo da kayan aikinsa a jiki. Bai shiga gida ba, tunda an hana shi. A bakin gareji ya durƙusa a kan siminti mai sanyi.

"Abonim, ku gafarce ni, na taɓa abin da ban san nauyinsa ba. Amma ku bari in yi magana ɗaya." Yarensa yana tuntuɓe, bai fasa ba. "Babana yana raye, lafiyarsa ƙalau, mahaifiyata ma tana raye. Agwaginsu suna fuskantar juna ranar da ya ɗauki jakarsa. Ku kuwa har yau kuna zuba mata shinkafa. In rabon mai sassaƙa ne yake shiga itace, wallahi naku nake so. Ba na son na kowa."

Appa ya sunkuyar da kai. Bomi ta durƙusa kusa da Insu.

"Appa, ranar nan da ta juya agwagwarta, wa ya haɗa maka abincin rana?"

Ya ɗago a hankali. "Ita."

"Har da ƙwan da kake so. Ina tsaye tana naɗe shi, tana mita tana dariya."

Tsohon ya rufe fuskarsa da hannuwa, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya lafa, ya jawo guntun itacen, ya miƙa wa Insu samfefa. "Tashi daga sanyin nan. Riƙe min nan. Kuma kada ka taɓa abin da ban ce ka taɓa ba."

Da bazara aka sa rana. Bomi ta zauna a keken Omma ta ƙarasa mayafin, ɗinkinta a karkace kusa da na uwarta, a ciki aka naɗe sababbin agwagin. Gwaggo ma ta sauko, ita ta fi kowa ɗaga murya wajen tsara abinci.

Safiyar biki Bomi ta sauko cikin kayan amarci, ta tarar da Appa tsaye a gaban kabad, ya kafe kamar an dasa shi. Tsofaffin agwagin suna fuskantar juna, baki da baki.

"Appa, kai ne?"

"Na ɗauka ke ce," ya ce da ƙyar.

Ta girgiza kai. Ba wanda ya kwana a gidan sai su biyu. Tsigar jikinta ta tashi, amma wannan karon ba ta ji tsoro ba.

A coci Appa ya damƙa hannunta a na Insu, ya ɗora musu ƙullin mayafin a kai. "Ku yi faɗa in ya kama," ya ce, "amma kada ɗayanku ya fita ƙofa bai mayar da tasa ba. Allah Ya yi muku albarka, ni da mahaifiyarku mun sa muku albarka."

"Amin, Abonim," in ji Insu, ya matse hannun 'Yar Tsuntsuwarsa.