Gishirin Teburin Baba

"Ka yi wa Baba zambo, Lorcan. Baiti ɗaya kawai..."

Gobnait ta riƙe hannun rigarsa a bakin gonar dankali, yayyafi na jiƙa mata gashi.

"Baba ya fi tsoron bakinka a kan wutar lahira. Ka tsorata shi, kafin azumin coci ya kama zai ba ka ni."

Lorcan mawaƙi ne, ba gona ba ɗaki. Gari-gari yake bi da shebur a kafaɗa, ya yi ƙwadago, ya biya masauki da waƙa a harshen Gaelic. Duk yankin Kerry an yarda zambon mawaƙi kan feso wa mutum ƙuraje a fuska. Ba wanda ya taɓa ganin ƙurajen, amma wa zai gwada da tasa fuskar?

"Jiya na ci dankali da gishiri a teburinsa, farin cikina."

"To sai me?"

"Mawaƙi ba ya zambon gidan da ya ci gishirinsa."

Sai yanzu ta gane. Murtagh, dillalin man shanun da ke nemanta, shi ya raɗa wa Baba ya gayyato baƙon. Ita kuwa da hannunta ta tura wa Lorcan gishirin, tana murna Baba ya sauko.

"Wa ya kafa dokar? Matattu?"

"Su suka bar min waƙar."

"To su dafa maka, su ɗinke maka wannan tsumman rigar."

Ya yi dariya, idonsa ya kaɗa.

"Mu gudu," in ji ta.

"Ki kwana a rumbunan mutane? Ba zan iya ganin haka ba, Gobnait."

Ya saɓa shebur ya bi hanyar dutse. Ta tsaya har hazo ya haɗiye shi.

Kafin azumi aka ɗaura aurenta da Murtagh.

Da bazara waƙar yabon da ake bin Lorcan, ladan gishirin da ya ci, ta iso a bakin wani makaɗi. Lorcan ya yabi wutar murhun gidan Baba, da shanu, da karamcin mai gida. Baba ya haddace ta, yana rerawa a kasuwa har ya mutu.

Gobnait ta tsufa a gidan Murtagh. Duk mawaƙin da ya ƙwanƙwasa ƙofa, Murtagh kan ce, "Yi maza ki ba shi abinci."

Ita kuwa sai ta tare bakin ƙofa, kwanon gishiri a bayanta.

"Ka haɗu da Lorcan a hanya?"

"A'a, uwargida."

"To in da abin da ka zo nema a gidan nan, faɗe shi tukuna, kafin gishiri ya ɗaure maka baki. Sannan ka ci."