Huda Huɗu a Gefen Cikina

"Ɗaga rigar mu gani."

Haka Mama Christiana ta ce mini a tsakar gidanta da ke Fadikpe, da rana tsaka, ɗanta Meshach na tsaye bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Saura wata biyu bikinmu.

Na ɗaga. Me zan ɓoye?

Huda huɗu ne a gefen cikina na hagu, kowanne bai kai faɗin farce ba.

"Wannan ce tiyatar, Hadassah?"

Ta sassauta zaninta ta nuna mini tabon da aka ciro Meshach, dogo, baƙi, daga cibiya har ƙasa. Ta ce ga yadda tiyata take, kada in raina mata hankali.

Ni kuwa na ga ta kaina kafin a kai nan. Fuskata ta kumbura kamar an hura, ciki ya fito, ƙafafu suka tsotse, al'ada ta ɗauke wata biyar cur. A Kasuwar Kure inda nake sayar da atamfa, mata sai kallon ƙasa-ƙasa. Sai da yayar babana ta kai ni Abuja aka gano ƙari ne a wata 'yar tsoka da ke zaune a saman ƙoda, adirinal suke ce mata, tana ta zuba sinadari a jini fiye da kima. Likita ya ce zaɓi biyu ne: ko a tsaga ni, ko a yi ƙananan huda a zura kyamara da siraran ƙarafa a ciro ta.

Ni wawiya, Meshach na tuna. Na ce ba zan kai masa ciki mai ɗinkin buhu ba, na zaɓi hudar.

Lokacin yana koyarwa a Kontagora, kullum sai ya kira. Kwana huɗu aka sallame ni. A hankali ciki ya sace, al'ada ta dawo.

Nan yayarsa Rhoda ta samu abin da take nema. Magani kawai take sayarwa a wani kemis a Bosso, amma ji take ta fi likita, kuma ta daɗe tana tura masa ƙawarta Testimony. Ita ta yi wa uwarsu lissafi: ciki ya fito, yarinya ta ɓace zuwa Abuja, ta dawo ba ciki. Wai irin hudar nan ta aikin mahaifa ce, ta sha gani. Kuma kowa ya san Meshach bai taɓa kusantata ba.

Ranar a tsakar gidan, na miƙa takardar asibiti. Mama ko karɓa ba ta yi ba, ta yi dariya ta ce irinta goma za a buga mata a Bosso kafin la'asar.

Na juya na kalle shi.

"Meshach... ba za ka ce komai ba?"

Bai ɗago ba.

Sati guda na yi ina kuka ina shan ƙwayoyin da likita ya ɗora ni a kai. Ran Lahadi bayan an tashi coci sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya rame, idanu jawur. Ya kama hannuna. Ya ce ya yi azumi kwana uku, ya faɗa wa Mama da Rhoda ido da ido cewa ba zai fasa ba, ko kowa zai ƙaurace wa bikin.

Wallahi ji na yi kamar in durƙusa in gode masa.

"Dassa tawa, rabin raina... ko ma me ya faru a Abuja, na yafe miki. Ba zan taɓa tambayarki ko wane ne ba."

Dariyar uwarsa ba ta yi mini ciwo haka ba.

"Ka yafe mini me?"

Ya yi murmushin mutumin da ya yi babban alheri. Na hango shekarun da ke gabana: ni a gidansa, ina dafa masa abinci, ina haifa masa 'ya'ya, ina godiya kullum a kan laifin da ban yi ba.

Na zare zoben baikon na sa masa a tafin hannu, na naɗe masa yatsun a kai.

"Riƙe yafiyarka. Ka kai wa mai buƙata."

Na shiga gida na tura ƙofa. Ya daɗe a waje yana kuka, yana tambayar me ya yi mini. Har ranar da ya auri Testimony bai gane ba.