Ƙwaryar Nonon Inna Saude

Taɓarya ta fi ƙarfin Ikilima. Ta ɗaga ta sau uku, a na huɗu ta jingina ta da turmi, ta zauna tana haki. Gidan tsit, duk an tafi yankan gero, daga ita sai kaji.

Wata takwas ke nan da aka yi mata tiyata a Sakkwato, aka yanke wani yanki na hanjinta bayan taifot ta huda shi. Dama tana da ciwon tayirod, wani ƙullin nama da ke maƙogwaro, wanda take shan ƙwaya ɗaya kullum dominsa. Ɗinki ya warke sarai, amma ƙarfi ya ƙi dawowa. Sanyi take ji ana tsakar zafi, ƙafafunta na mata kamar tafiyar kiyashi, gashinta na bin mataji. Da farko matan ƙauyensu Turba sun yi ta zuwa sannu. Da abin ya daɗe, sai ƙafa ta ɗauke. Mutane ai ciwon da suke gani da ido suke dubawa. Kaɗaici ya ishe ta, har ta kan yi wa kaji magana.

Surukarta Inna Saude ba muguwa ba ce. Ita ce kullum da safe take kawo mata ƙwayar da ƙwaryar nono mai kauri, don a gidansu na makiyaya ba a shan magani da cikin wofi. Amma haƙurinta ya ƙare. Ranar da ta dawo daga gona ta tarar ba a yi daka ba, ta tare ɗanta Ɗalhatu, mijin Ikilima, ita kuwa tana ji daga ɗaki.

"Nono ni ka ba ta, magani kai ka saye. Mi ya rage? Wanga son jiki na. Ka maishe ta gidansu Unguwar Lalle!"

"Inna, ki yi haƙuri. Ba ta iyawa."

"Ba ta so dai."

Da ya shigo, ya same ta tana ɗaure kaya, hawaye na zuba.

"Za ni tahiya, kada ka saɓa wa Inna sabili da ni."

Ya karɓe ƙullin ya ajiye. "Mu koma ga likita tukuna. In an ce lahiyarki lau, ni da kaina za ni kai ki."

Inna Saude ta ce da ita za a je, ta ji ƙarya da kunnenta.

A asibiti, likitar ta duba sakamakon gwajin jini, ta ɗago. "Da me kike shan ƙwayar nan?"

Inna ta yi caraf ta amsa, cike da alfahari: "Da nono. Ni ka ba ta da hannuna, ban taɓa hwashi ba."

"To, Inna, nono yana riƙe wannan magani a ciki, kaɗan ne yake shiga jini. Da ruwa zalla ake shan sa, a jira awa guda kafin abinci, nono kuwa sai rana ta yi. Sannan wurin da aka yanke a hanjinta, nan ne jiki yake tsotsar bitamin B12. Yanzu allura take buƙata. Yadda jininta ya yi ƙasa, na yi mamakin da take iya ɗaga taɓarya."

Suka hau mota za su gida. Sai da suka wuce garin Isa Inna Saude ta kamo hannun Ikilima, tana kallon waje.

"Ɗiyata, ashe ni ka hana ki tashi, kuma ni ka zagin ki da kwanciya. Ki gahwarta min."

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Sai bayan wata uku ana allura aka sake jin dakan Ikilima, Ɗalhatu ya tsaya a zaure yana saurare kamar mai jin kiɗa. Haƙurinta ya biya ta. Wanda bai san ciwo ba, kada ya sa masa suna lalaci, kuma ko ƙauna ce tana son tambaya.

Har yau da asuba Inna Saude ce take kawo mata ƙwayar, da kofin ruwa. Sai ta zauna kusa da ita su yi hira har awar ta cika.