Muryar da Mayen Ƙarfe Ya Cinye

Ranar da Fatsima ta fara ganinsa ta ɗauka taɓaɓɓe ne. Damanar 1983 ce, ruwa ya sauko ya wuce, ƙoramar bayan Azarori ta bar yashi mai laima. Tana ɗauke da fura za ta kai gona, sai ga saurayi tsaf da shi, har da tabarau, yana jan wani dunƙulen ƙarfe da igiya kamar mai kai akuya kasuwa. Ya ja, ya ɗaga, ya share baƙin garin da ya manne masa, ya zuba a kwalba.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Mi ya ɓace maka cikin yashi?"

Ya ɗago, ya gan ta, igiyar ta suɓuce masa. Da ƙyar ya haɗa magana. Sunansa Ɗanlami, ɗan Madawa ne, yana karatun kimiyyar fizik a iniversite, wato jami'ar Yamai, hutu ya zo. Dunƙulen nan mayen ƙarfe ne da ya aro daga ɗakin bincikensu. Aikinsa shi ne nazarin garin ƙarfen da ke cikin yashi, domin idan ƙwayoyinsa suka yi ƙanƙanta har ido ya daina ganinsu, halinsu sai ya sake.

"Kuma mushenmu, malaminmu ke nan, ya ce ƙarfen duniya duk cikin taurari anka dafa shi," ya ƙara, don ya burge ta. "Tauraro shi tsufa, shi fashe, shi watso shi."

"Ashe dai tokar murhun taurari kaka kwasa," in ji Fatsima. "Allah shi ba da sa'a, Mai Toka."

Ta wuce tana dariya. Shi kuwa ya manta da kwalbarsa a nan, sai washegari ya dawo nemanta, kuma ba kwalbar kaɗai ya dawo nema ba.

Kafin gero ya fitar da kai, duk garin ya san me ke kawo Mai Toka bakin ƙorama. Yana kiranta Fatsina, ita kuma ta ƙi sake masa suna.

Mahaifinta, Malam Tsoho, bai ga abin dariya ba.

"Ƙato da gemu shina wasan ƙasa! Da mi za shi cida ɗiyata, da yashi?"

Shi yana da nasa zaɓin. Ɗansa namiji guda, Alhusaini, ya tafi biɗar arziki Abijan, zazzaɓi ya kama shi, can aka rufe shi. Abin da ya dawo gida kaset ɗaya ne da ya ɗauka kafin ya kwanta, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Abokinsa Tanimu ne ya kawo shi. Yanzu Tanimu yana da shago a kasuwa da rediyo mai cin kaset, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya ɗauko rediyon ya zo zauren Malam Tsoho a saurari Alhusaini. A wajen tsohon, wanda ke kawo masa muryar ɗansa shi ya cancanci ƴarsa.

Inna Cima, uwar Fatsima, ita ta yi ta lallashi har aka yarda Ɗanlami ya zo gaisuwa. Ya zo da goro da ladabi, da jakarsa a kafaɗa.

"Nuna mani abin nan da anka ce kana ja," in ji Malam Tsoho.

Nan fa Ɗanlami ya samu abin da yake so. Ya ciro mayen ƙarfen, ya ɗaga ƙusoshi, ya janyo wuƙa daga kan tabarma, ya sa allura ta yi tafiya a kan faifai ba mai taɓa ta. Tsohon ya so ya ɓoye mamakinsa, ya kasa. Ana haka aka kira la'asar. Ɗanlami ya duba inda zai ajiye abin, ya ga alkuki a bangon zaure da wani ƙullin koren ƙyalle a ciki, ya ɗora shi a kai, ya bi surukin da yake fata zuwa masallaci. Da suka dawo ya ɗauki kayansa ya tafi, yana jin kansa ya yi nasara.

Bayan Juma'a ya tarar da Fatsima a bakin ƙorama idonta ya kumbura.

"Muryar Yaya ta tahi, Mai Toka. Jiya Tanimu ya sa kaset ɗin, sai ta dinga nutsewa, hwuuu, kamar iska. Baba ya ce shi na ya taɓa jan maɓallin nan na ɗaukar magana. Tanimu har rantsuwa ya yi, Baba ya kore shi, ya ce kada shi ƙara taka mai zaure." Ta share hawaye. "Abin da ko ƙuda ba a bari shi sauka bisa. Kullum shina naɗe cikin koren ƙyalle, cikin alkuki."

Ɗanlami ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Shi fa ya san mene ne kaset tun shekararsa ta farko a iniversite. Zare ne da aka shafa wa garin ƙarfe, irin dai wanda yake tarawa a kwalba, kuma murya ba komai ba ce illa yadda aka jera ƙwayoyin nan. Mayen ƙarfe mai ƙarfi idan ya kwanta a kai, sai ya juya su duk su fuskanci wuri guda. Ya buɗe baki, ya dubi idonta, ya rufe.

Abin kunya bai tsaya nan ba. Malam Tsoho da kansa ya aika a kira Ɗanlami, ya aro rediyon wani maƙwabci, ya ce tunda shi ne mai ilimin ƙarfe, ya saurara ko akwai gyara. Aka sa kaset.

"Baba, ina gai… lahiya lau nike… ku ce ma Inna…"

Muryar ta taso, ta nutse, ta taso, ta nutse, daidai da juyawar zaren. Jan maɓalli ba ya yin haka, shi shafewa yake yi gaba ɗaya. Ɗanlami ya san sawun wane ne wannan, kamar yadda makiyayi ke sanin sawun rakuminsa.

"Sai na bincika, Baba," ya ce, kansa a ƙasa.

Tsohon ya dafa kafaɗarsa. "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Kai dai kana da kunya."

Ya koma Yamai da wannan albarkar tana ƙona shi. Ya sayi sabon kaset, ya shiga ɗakin bincike, ya ɗauki muryarsa, ya ɗora mayen ƙarfen a kai, yana roƙon Allah ya sa kuskure ya yi. Ya saurara: ta taso, ta nutse. Ya tambayi malaminsa ko ana iya maido da irin wannan. Malamin ya ce abin da aka baje ya baju, kamar rubutun yatsa a yashi bayan ruwa.

Cikin wannan hali wani direban motar Madawa ya kawo masa saƙo. Kaset ne daga Fatsima, ta ɗauka a gidan ƙawarta.

"Mai Toka nau, ina gaishe ka da karatu. Albishirinka! Baba ya yarda. Ya ce bayan an yanke gero ku turo manya. Inna sai guɗa takai cikin ɗaki. Ni ko ba ni iya barci don murna, kada ka yi mani dariya. Abu guda ka ɓata mani rai, Tanimu. Cikin kasuwa yara na ce mai wanda ya kashe abokinai sau biyu. Mutane sun bar sayayya shagonai, an ce komawa Abijan za shi yi. Ban son shi, ka sani, amma tausai shika ba ni. Ka ci abinci, ka ji? Fatsinka ta."

Ya saurara har ƙarshe. In ya yi shiru, Fatsima tasa ce. In ya yi magana, mai yiwuwa ya rasa ta har abada. Shaiɗan ya kawo masa dalilai masu kyau, kuma ɗan boko ba ya rasa dalili: ba da gangan ba ne, muryar ba za ta dawo ba, Tanimu ma dama ɗan tafiya ne. Ya kwana ya tashi da su, amma duk lokacin da ya ɗauki mayen ƙarfen nan a wurin aiki sai ya tuna da Tanimu. Ranar Alhamis ya shiga mota.

Fatsima ya fara gaya wa, a bayan gidansu, tana sussukar gero. Ta ajiye taɓarya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun randa kin ce koren ƙyalle."

"Kana kallona ina kuka? Baba na sa maka albarka kana amsawa? Ɓata kaset ƙaddara ta, Ɗanlami, kowa na iya yi. Shirun nan shi na naka."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa na gaskiya, kuma ya fi mari zafi.

"Fatsina, ki gahwarta mani."

"Ba ni za ka fara roƙo ba. Cikin kasuwa anka ci mutuncin Tanimu, can za ka tahi."

Ya tafi. Ranar kasuwa ce, ya tsaya ƙofar shagon Tanimu, gaban masu albasa da masu goro, ya ɗaga murya ya faɗi duk abin da ya faru. Bai rage ko shirun da ya yi ba. Ya kwance wa kansa zani a kasuwa, gumi yana bin bayansa, tabarau ɗinsa sun yi hazo. Wasu suka yi salati, wasu suka yi tsaki. Tanimu ya fito bakin shago.

"Da ka yi shiru da ka ci riba," ya ce a hankali. "Tahi, ni ba ni da abin ce maka yau."

Kafin ya isa zaure labari ya riga shi. Malam Tsoho bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya fuska ga bango ya ce, "Hita mani."

Aka yanke gero, aka ɗaure damma, aka cika rumbuna, ba wanda ya turo manya. Ɗanlami ya koma karatu ya rame. Fatsima ba ta aika ba, shi ma kunya ta hana shi aikawa. A gida ta daina dariya, ta daina zuwa dandali. Da wani ɗan garin Galma ya aiko neman aurenta, ta ce wa Inna Cima a ba shi haƙuri, kuma duk wanda ya biyo bayansa amsar ke nan.

Shi ma tsohon nasa ciwon yana cinsa. Ya zargi mutumin da ya wanke gawar ɗansa a baƙuwar ƙasa, ya kore shi kamar ɓarawo. Wata safiya ya ɗauki sandarsa ya tafi shagon Tanimu, da furfurarsa, ya roƙi gafara.

Tanimu ya yi maza ya durƙusa. "Haba Baba, ya wuce. Zancen Fatsima kuwa na janye, na daɗe da sanin inda zuciyatta take. Amma in ce maka wani abu? Yaron ga ba wanda ya kama shi. Da ƙahwatai ya zo ya tona ma kainai asiri, shina sane da abin da za shi rasa. Ni ban tabbata zan iya ba."

Malam Tsoho ya koma gida. Sai da sanyi ya shiga, aka fara dashen albasa, sannan ya aika Yamai a ce yana neman Ɗanlami.

Ya zo ya tsuguna can bakin ƙofar zaure, ya kasa ɗaga ido. Fatsima na bayan zana tana saurare. Tsohon ya miƙa hannu cikin alkuki, ya ɗauko koren ƙyallen, ya kwance.

"Gaya mani gaskiya, tunda yanzu ka iya ta. Akwai gyara?"

"Babu, Baba. Na tambaya har wurin malamaina. Ba ta dawowa."

Tsohon ya gyaɗa kai, hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Zaren hwa? Ya mutu shi ma?"

"A'a, zaren lahiya lau shike. Shina ɗaukar wata murya."

"To karɓi." Ya miƙa masa kaset ɗin. "Ka ɗauke mani muryar ɗa, da murya za ka biya. In kana Yamai, ko ƙasar Turawa karatun tokar nan ya kai ka, ka cika wanga ka aiko mani. Ka gaida ni, ka gaida Cima, ka ce muna lahiya lau kake. In ya ƙare ka sai wani. In kana gari, duk Juma'a bayan masallaci nan za ka zamna. Ka iya?"

Ɗanlami ya karɓa da hannu biyu, kuka ya ci ƙarfinsa. "Na iya, Baba."

"To tashi ka turo manyanka. Kuma wancan maye naka, bakin gari za ka bar shi."

Daga bayan zana wata dariya ta kuɓuce haɗe da shessheƙa, Inna Cima kuwa ta rangaɗa guɗar da ta daɗe tana riƙewa.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Azarori. Tanimu ne ya raba goro. Da aka kai amarya, ango ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, har yanzu yana jin nauyin haɗa ido da ita.

"Fatsina, kin gahwarta?"

Ta ɗaga mayafi kaɗan. "Shigo, Mai Toka. Kunyar ta isa haka."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan Alhusaini, ya ba mu ikon faɗin gaskiya a ranar da shiru ya fi daɗi.