Ɗakin da ke Cikin Yakutu

Da yamma lis, lokacin da hankaki suka fara komawa kan bishiyoyin kwakwa, Zaruk ya kulle ƙofar ɗakin awonsa ta waje, ya bar ta cikin gida a buɗe. Shekara ashirin da biyu ke nan yana aikin tantance duwatsu masu daraja a garin Beruwala da ke bakin teku. Dillalai su kawo masa yakutu a ƙunshin farar takarda, ya ɗauka da hantsaki ya ɗora ƙarƙashin madubinsa mai ido biyu, ya duba, ya rubuta abin da ya gani: wannan halittar Allah ne, wannan na masana'anta ne, wannan kuwa an gasa shi a wuta don ya ƙara shuɗi. Mu nan garin, in aka ce Zaruk ya sa hannu, gardama ta ƙare. Yana taƙama da idonsa, kuma tsakani da Allah idon ya kai a yi taƙama da shi.

Ran nan wani mahaƙi daga Ratnapura, garin da ake haƙo yakutu, ya ba shi kyautar ɗan dutse fari-fari, bai kai ƙwayar wake ba, irin wanda ko kuɗin shayi ba a bayarwa a kansa. Sai ya ƙwala wa 'yarsa Rinoza kira. Shekarunta goma sha biyar, ita kaɗai Allah Ya ba su, ita ce kuma ta gado idon.

"Zo ki ga ɗaki," in ji shi.

A cikin dutsen da wuta ba ta taɓa ba, wani lokaci akan sami ɗan kogo mai kusurwoyi, a rufe ruf tun ranar da aka halicce shi, da ɗan ruwa a ciki. In ka sanyaya dutsen da ƙanƙara, sai kumfa guda ta bayyana tana yawo. In ya ji ɗumi sai ta ɓace. Dutsen da aka gasa kuwa ɗakunansa duk sun fashe, da haka ma ake kama shi.

"Wappa," in ji Rinoza, don haka take kiran babanta, "tana tafiya! Ga ta can ta maƙale a lungu!"

"To bari ki ga yadda ake korarta."

Ya kara dutsen kusa da fitila, kumfar ta ɓace. Ya mayar kan ƙanƙara, ta dawo. Suka yi ta yi suna dariya, ya fi sau goma. Daga madafa matarsa Mazaya ta ɗaga murya: "Ku dawo min da ƙanƙarata, ku masu ilmi! Kifin gobe ne zai lalace, sai ku ci duwatsu."

Ladan ya fara kiran magariba. Zaruk yana saurin ya sami jam'i, sai ya yi abin da da ɗalibi ne ya yi da ya sha faɗa. Ya ciro dutsen daga ƙanƙara ya danna shi a bakin fitilar mai zafi, Rinoza na leƙe. Aka ji ɗan ƙas, bai fi karyewar tsinken ashana ba.

Hankakin waje suka yi tsit gaba ɗaya. Rinoza ba ta ɗago daga madubin ba. Ya kira ta sau uku. Da ya dafa kafaɗarta sai ya ji ta da sanyi kamar randa.

Jifa ta fara ne washegari, daidai faɗuwar rana. Tsakuwa ta dinga zuba kan rufin tana gangarowa tsakar gida, jiƙaƙƙiya, tana warin laka irin ta ƙasan ramin haƙa, alhali daga gidan zuwa rami mafi kusa tafiyar mota ce mai nisa. Maƙwabta suka zagaya da sanduna, ba su ga kowa ba. In jifar ta tsaya, sai a ji motsi a ɗakin awo, kamar makaho yana laluben bango yana neman ƙofa.

Rinoza ta daina magana. Duk inda akwai matsi can take cusa kanta: ƙarƙashin gado, bayan kabad, har cikin akwatin shinkafa aka taɓa ciro ta a dunƙule. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, an jima ya ɗau zafi har hannu ba ya iya daɗewa a kai. Likita ya zo ya auna abin da zai auna, ya rubuta magani ya tafi yana kaɗa kai. A rana ta huɗu Mazaya tana goge mata wuya, sai ta ga wani siririn jan layi ya taso daga ƙirji yana hawa, kamar tsagewar tangaran. Nan ta jefar da tsumman ta ce a kira Hazrat Mihlar.

Tsoho ne ɗan tsamurmuri, malamin da ya koya wa rabin unguwar karatun allo. Ya iso rana na gab da faɗuwa, ya ajiye lemarsa, ya ƙi shayi. Ya sa aka zaunar da yarinyar kan tabarma, uwar na riƙe da ita, ya fara karatu a hankali kamar ba abin da ya dame shi. Tsakuwa ta soma sauka. Bai ɗaga kai ba. Can sai bakin Rinoza ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, mai tsakuwa-tsakuwa.

"Ya isa haka, malam. Ba kurma ba ce ni."

"To sannu. Wace ce ke, me kuma ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Tambayi mai leƙen gidajen mutane, ga shi nan tsaye. Tun kafin a san teku a nan nake cikin ɗakina. Ya leƙa ni ba sallama. Ya daskarar da ni, ya ƙona ni, suna dariya. Sannan ya fasa min ɗaki. Ina zan kwana? Idon yarinyar da ke leƙena a buɗe yake, na shiga."

Zaruk ya jingina da ƙofa.

"An zalunce ki," in ji Hazrat, "amma ba da sani ba. Yarinyar nan ba gida ba ce. Kina ganin tana tsagewa."

"Ina gani. Ba ta da ƙwari. Ba za ta kai jibi ba."

Mazaya ta saki wani irin kuka, ta ƙanƙame 'yarta.

"Me za ki karɓa ki fita?"

"Ɗaki. Irin nawa, a rufe, wanda wutarku ba ta taɓa ba. Kuma ka ji da kyau, malam, fitata ɗaya ce. In na fita na tarar da kango, da gudu zan dawo, kuma ba ta ƙofa zan shigo ba. Abin da ya sami dutsen can shi zai same ta."

Hazrat ya dubi Zaruk. Zaruk ya ce duwatsun da ke ɗakin awo amanar mutane ne, kuma kusan duk gasassu ne, don zamanin nan ba a barin dutse ya huta.

"Ga nawa!" Mazaya tuni ta fara murɗa zobenta. Shuɗin yakutu ne, sadakinta. Duk dangi sun san labarinsa, don ba bikin da ba ta faɗa ba: Zaruk da kansa ya zaɓo shi, ya ce mata wuta ba ta taɓa shi ba, har da ɗan ɗaki a ciki. "Baban Rinoza, ai kai ka gaya min. Hazrat, karɓi, ba ta!"

Ta tura zoben a tafin Rinoza. Yatsun yarinyar suka naɗe a kansa. Hazrat ya ɗora hannu a kanta ya fara ayoyin fitarwa. Jikinta ya sandare, numfashinta ya koma ja ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙara kamar ana jan guga.

Zaruk yana tsaye. Shi kaɗai ya san cewa lokacin aurensu ba shi da ko sisi, ya sayi farin dutse mai arha ya kai aka gasa masa a ɓoye har ya koma shuɗi. Shekara goma sha tara yana ɗauke da wannan. Ga Hazrat, ga maƙwabta biyu a bakin ƙofa, gobe kuma duk kasuwa za ta ji cewa mai ba mutane shaida ya cuci matarsa ta aure. Abin kunya ne a faɗa, amma haka aka yi, ya tsaya yana aunawa.

"Hazrat, dakata!" Ya faɗa kan tabarmar ya ɓamɓare yatsun ya fizge zoben. "Gasasshe ne! Ni na kai aka gasa shi. Ba ɗaki a ciki, duk sun fashe."

Sai tsohuwar ta tuntsire da dariya ta bakin yarinyar.

"Ƙafata ɗaya tana waje, mai ido. Saura ƙiris."

"Ki ba mu zuwa asuba," in ji Hazrat.

"Zuwa kiran isha'i. Na gaji da wannan jikin, yayyo yake yi."

Zaruk ya ruga ɗakin awo. A ƙarƙashin tebur akwai tsohon gwangwanin biskit cike da tarkacen da dillalai ke zubarwa, waɗanda muninsu ya sa ba wanda ya ɓata gawayinsa a kansu. Ya juye su, ya fara ɗauka ɗaya-ɗaya. Ya duba ya ture, ya duba ya ture, gumi na shiga masa ido. Wani yana da kogo amma a tsage. Wani ma ba yakutu ba ne. Duhu ya gama rufe taga kafin ya kai ga wani mai launin toka, mummuna kamar haƙorin akuya. A can cikinsa ga ɗaki, kusurwoyinsa cif. Ya ɗiga masa ruwan sanyi a hankali yana bismillah. Kumfa ba ta fito nan da nan ba. Ya jira. Sai ga ta, ƙarama, ta gangara lungu.

Ladan yana gyaran murya Zaruk ya sa dutsen a tafin Rinoza.

"Wannan fa?" in ji muryar. "Ka rantse."

"Na rantse da Wanda Ya halicce shi."

"Zoben can ma ai da baki ka ba da shaidarsa. To. A kai ni kogi, inda ba mai leƙe."

Hazrat ya yi karatu. Rinoza ta miƙe tsam kamar an ja ta da igiya, ta yi atishawa sau ɗaya, ta sulale jikin uwarta. Tsakuwa ta ƙarshe ta gangaro daga rufi ta faɗi tsakar gida. Tsohon ya naɗe dutsen a gefen rawaninsa, ya ɗauki lemarsa, ya ce kada kowa ya raka shi.

"Umma," in ji Rinoza da 'yar muryarta, "yunwa nake ji."

Mazaya ta zubo mata shinkafa da romon kifi mai madarar kwakwa, ta ba ta a baki loma-loma har barci ya ɗauke ta. Jan layin ya dushe, ya koma kamar tabon ƙaya. Sannan ta fito tsakar gida, inda Zaruk ke zaune kan dakali da zoben a hannunsa.

"Mazaya, lokacin ba ni da komai. Na ji tsoron a hana ni ke. Wallahi gobe zan nemo miki na gaske, ko nawa ne."

"Bar shi. Da ƙwalba ka ba ni ma da na sa." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zauna ba. "Ni ce nake riƙe da ita, Baban Rinoza. Ƙirjinta yana kan hannuna. Daga lokacin da na sa mata zoben zuwa lokacin da ka yi magana, ta ja numfashi sau bakwai."

Ya buɗe baki.

"Bakwai," ta ce. "Na ƙirga."

Ta koma ɗakin da 'yarta ke kwance, ta tura ƙofa, ya ji ta sa sakata.