Kiran da Aka Yanke wa Sallama

Riwayoyi uku na ji game da abin da ya faru a gidan Abdussamadu makaɗi a Birnin Kebbi cikin daminar 1983. Na riƙe ta Abdussamadu, domin a cikinta bai wanke kansa ba, kuma ta dace da ranakun da Malam Hammadu na Argungu ya rubuta a bayan littafinsa.

Abdussamadu ya fara ne da yi wa mawaƙa kiɗa a ɗakin ɗaukar murya a Sakkwato. Duk wanda ya rasa mai gurmi ko jita shi yake nema, a gama a buga sunan wani a jikin faifai. Daga baya ya koma tsara taken buɗe shirye-shiryen talabijin, har ya yi goma sha ɗaya. Wanda ya ɗaga sunansa shi ne na shirin manoma da masunta, mai fitowa duk Alhamis ƙarfe shida da rabi.

Wata Alhamis yana gida, an fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi, matarsa Laure tana kwasar tuwo. Taken ya tashi, ya ƙare. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Aka zaci yara ne, har na biyu ya gangaro gaban Laure. Dutse ne mai santsi, jiƙe, da gansakuka a jikinsa, alhali kwana shida ba a yi ruwa ba. Kaji suka yi tsit. Warin gulbi ya cika gidan.

A bakin randa ɗiyarsu Sauda, mai shekara goma sha huɗu, take zaune, ruwa na ɗiga daga gefen zanenta. Tana rera taken a maƙogwaro. In ta kai wani wuri sai ta tsaya cak, kamar an datse, ta koma farko.

"Malam, wanga kiɗin naka na," in ji Laure.

"Ga talabijin taj ji shi," ya ce, bai dube ta ba.

Ya san wurin da take tsayawa. A 1980 ya je Argungu da rakoda wurin wani tsohon masunci, Hodi, mai kaɗa gurmi a bakin gulbi sau ɗaya a shekara kafin a shiga su, wato kamun kifi, don neman izinin mazauna ruwa. Kiɗan kashi biyu ne, kira sannan sallama. Hodi ya yarda a ɗauka bisa alkawarin ba za a raba su ba. Amma daƙiƙa arba'in ake buƙata a buɗe shiri. Abdussamadu ya sa reza ya yanke zaren kaset ɗin inda kiran ya ƙare, ya jefa sauran a shara, ya rubuta sunansa a kwalin. Da Hodi ya rasu, ko ta'aziyya bai je ba.

Alhamis uku ana jifa. Sauda ta daina cin abinci, kuma sau biyu ana kamo ta a hanyar fadama, ba takalmi. Uban yana gani, yana shiru.

A ta huɗu Malam Hammadu ya iso bayan La'asar. Ya hana a kunna talabijin, amma da lokaci ya yi taken ya shigo ta katanga daga gidajen unguwa. Malamin ya fara karatu. Sauda ta miƙe wuya, wata murya mai nauyi ta fito daga bakinta, irin ta mai magana cikin rijiya.

"Mi yak kawo ka ga ɗiyar mutane?" in ji malamin.

"Kirana anka yi. Alhamis ɗari da hamsin da shida ina zowa in tsaya. Hodi da kakanninshi ba su taɓa barina tsaye ba. Tambayi mai gida."

Duk idanu suka koma kan Abdussamadu. Ya cire hula ya riƙe, ya faɗi kome, har rezar da kwalin. Laure ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Mako uku kana kallonta?"

"Ɗiyar nika so, ta zauna wurina kamar yadda niz zauna wurinsu," in ji muryar.

Malamin ya ce, "Ba ta yanke kome ba. Ka ji tsoron Allah da Ya halicce mu da ku."

"To a ba ni hannun uban."

"Da shi za a sallame ka," in ji malamin.

Aka fara kiran Magariba.

Muryar ta ce, "A sallame ni, a daina kirana. Kuma in tahi da kunnen da yaɗ ɗauki abina."

Malamin ya buɗe baki zai ƙi, Abdussamadu ya riga shi: "Na yarda."

Ya ɗauko gurmi. Sau ɗaya ya taɓa jin sallamar, shekara uku da suka wuce, amma yatsunsa ba su kuskure ko wuri ɗaya ba, kuma ya ce min wannan ya fi kome ba shi kunya, domin ashe tun ranar farko tana hannunsa. Da ya kai ƙarshe Sauda ta yi atishawa uku, ta ce, "Inna, yunwa nika ji."

Washegari ya tafi Sakkwato ya janye taken, ya roƙi a faɗi sunan Hodi a shirin. An faɗa, sau ɗaya, a Alhamis ta gaba. Yana tsaye gaban talabijin, ya ga bakin mai sanarwa na motsi, sai sautin ya ɗauke masa ta gefen dama. Daga nan kunnensa na dama bai ƙara jin kome ba, kuma bai sake tsara take ba.

Waɗanda suka halarci wannan yammaci, sha ɗaya ga Agusta: Malam Hammadu, Laure, Sauda, maƙwabcinsu Tamba Dankure, da Abdussamadu.