Ɗan Hayan da Ba a Kora

Kafin a fara kiransa Mai Gidaje, mai gyaran famfo ne. Shekara goma sha ɗaya yana shiga gidajen hayar mutane da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana durƙusawa a banɗakunan da ba nasa ba. Warin bai taɓa damunsa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne mai gida ya zo da farar riga, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya nuna masa wurin yoyo da tsinin takalmi.

Da mahaifinsa ya rasu, ya gaji gida mai ɗaki shida, rufin ya tsufa, bangon baya ya tsage. Ya je neman shawara wurin kawunsa, wanda ya yi shekara arba'in a harkar haya. Tsohon ya ce masa ya gyara rufi kafin damina, kada ya sa kowa a ɗaki sai ya san sana'arsa da dalilin tashinsa daga inda yake, kowace yarjejeniya a rubuta ta a gaban shaidu, in zai ƙara kuɗin haya ya faɗa da wuri. Ya ce gara ɗaki ya yi wata biyu a kulle da a zuba masa mutumin banza. Mai gyaran famfo ya yi godiya, ya fito yana tsaki. Shekara arba'in, kuma gida uku kacal tsohon ya mallaka.

Wani dillalin gidaje, mai yawan dariya ba dalili, shi ya karanci abin da ke ransa. Ya ce masa akwai gajeriyar hanya, in yana da zuciya. Ya ce ya ɗebo ƙasar dokin ƙofar gidansa, ya zo da makullin ɗaki ɗaya.

Da rana tsaka suka isa wani benen da aka fara ginawa aka watsar, a ƙarshen gari, inda wani boka ke zama. Dillali ya tsaya a waje, ya ce shi iyakarsa nan. Ɗakin bokan ba shi da taga. Tsofaffin ƙofofi ne jingine a jikin bango ko'ina, na katako da na ƙarfe, an ciro su daga gidajen da babu wanda ya san inda suke. Kwaɗuna masu tsatsa na reto a jikin igiya, alhali babu iska. A tsakiya akwai tukunya cike da ƙasa, bakinta ya yi baƙi da busasshen jini, ƙudaje sun kewaye ta amma ko ɗaya bai sauka ba. Bokan siriri ne, tsaf da shi kamar ma'aikacin ofis.

"Gida nawa kake so?"

"Har in daina sanin yawansu."

"Akwai mai neman wurin zama. Duk gidan da ka mallaka, ɗaki ɗaya nasa ne. Ba ya biya, ba a ƙwanƙwasa masa, ba a korarsa."

Ya ji abin ya yi araha, ya tambaya ko shi ke nan. Boka ya ce ɗan haya ai yana cin abinci.

"Me yake ci?"

"Wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinka. Shi ke zaɓa."

Da wani ne, da ya miƙe a nan ya fita da gudu. Shi kuwa lissafi yake yi.

"In ni da iyalina ba ma kwana a gidan da na mallaka fa?"

"Abin da ba naka ba, babu ruwansa da shi," in ji boka, yana murmushi. "Sai dai ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi ba."

Aka tsaga masa babban yatsa, ya ɗiga jini a kan makullin, ya zuba ƙasar gidan ubansa a tukunya, ya tura makullin ciki har ya nutse. Sau uku ya ce, "Na ba ka ɗaki." A na ukun ɗaya daga cikin ƙofofin nan ta buɗe a hankali, babu komai a bayanta sai bango, sannan ta rufe.

A makon ya kwashe matarsa da 'yarsa da ɗansa, ya kama musu haya a gidan wani dattijo a bakin titi. Matar ta yi ta mita, ta ce ina aka taɓa ganin mai gida yana haya. Ya ce ta bar masa harkar da ba ta sani ba.

Arziki ya buɗe kamar an fasa bututu. Masu gidaje suka riƙa sayar masa a wulaƙance, kamar ana korarsu. Cikin shekara huɗu ya mallaki gida goma sha ɗaya, ya yar da jakar kayan aiki, ya ɗinka fararen riguna. A kowane gida akwai ɗaki ɗaya a kulle, ya ce na ajiya ne. Masu haya kan ji ana jan kujera a ciki, wani lokaci su ga ruwa na malalowa ta ƙarƙashin ƙofar kamar an yi wanka.

Aka fara mutuwa. Wani direba ya kwanta lafiya, da safe aka same shi a sandare, ido buɗe. Wata amarya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Mai Gidaje ya lura surutu ya fi yawa in mamacin yana da dangi a gari, sai ya canja yadda yake tantance masu haya. Ya daina tambayar sana'a. Abin da yake tambaya shi ne mutum na da yara nawa, kuma wa yake da shi a kusa. Baƙi marasa kowa yake ba ɗaki, har da ragi.

Akwai wata mai ɗinki da mijinta ya rasu, ta zo da 'yan biyunta. Shekara guda ba ta cika ba ta binne su duka, tsakaninsu kwana tara. Masu gaisuwa ba su gama watsewa ba ya aiko mata ta tashi, wai kukanta na damun maƙwabta. Ta roƙe shi ya bar ta ko wata ɗaya, ta ce a ɗakin nan kaɗai take jin ƙamshin yaranta. Ya sa aka fito mata da keken ɗinkinta tsakar gida. Washegari mai yara biyar ya tare.

Ana nan dattijon da suke haya a gidansa ya rasu, magada suka sa gidan a kasuwa. Dillali ya zo yana dariya, ya ce wani ɗan kasuwa zai saya ya fasa shaguna shida a gaba. Mai Gidaje ya kwana biyu bai ci abinci ba. Gida a bakin titi, yana ciki, wani ya zo ya ɗauke? Sai dabara ta faɗo masa. Ya saya da sunan matarsa, ya miƙa mata takardun ya ce kyauta ce. Ta rungume su tana hawaye, ta ce yau ta fita kunyar mutane.

Kwana uku bayan haka, ɗakin ajiyar da ke bayan kicin ya ƙi buɗuwa. An kulle shi ta ciki.

'Yar ce ta fara. Tana shirin tafiya makaranta ta ce wa uwarta wani na kiranta daga bayan kicin. Kafin uwar ta aje tsintsiya, yarinya ta faɗi.

Ya koma wurin boka a gigice, yana cewa gidan ba nasa ba ne, ga takarda.

"Takarda ka yaudara. Shi ya san aljihun da kuɗin suka fito."

Ya ce zai kwashe iyalinsa yau. Boka ya ce ɗan hayan ya riga ya shinshine su. Ya ce zai sayar da gidajen duka. Boka ya ce an faɗa masa tun farko, ba a kora.

"Hanya ɗaya ce. Ka ƙwanƙwasa masa da hannunka, ka shiga. Zai bar sauran."

Ya dawo gida, ya tsaya a gaban ƙofar, ya ɗaga hannu. Ɗansa na tsakar gida yana ƙoƙarin gyara tayar kekensa. Ya dubi yaron, ya dubi ƙofar, ya sauke hannu. Ya gaya wa kansa wataƙila abin ya ƙoshi.

Yaron bai kai ƙarshen wata ba.

Tun daga ranar matar ta koma zama a bakin ƙofar nan. Takan zuba abinci kwano biyu ta tura, ta ce da mijinta, "Baban yara, ka yi a hankali, suna ciki suna karatu." In an taɓa ta sai ta yi cizo. Da 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta, sai da maza huɗu suka ɓanɓare yatsunta daga jikin mariƙin ƙofar.

Magana ta fasu. Masu haya suka watse a mako guda, wasu ko labule ba su tsaya cirewa ba. Dillali ya daina ɗaga wayarsa. Damina biyu ta zubar da rufin gidajen, ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna. Shi kuwa ya rame, ya koma kwana a fili, yana zabura in ya ji an rufe ƙofa ko ta mota ce. Wata safiya masu shara suka tsinci gawarsa a gefen kwata.

Da aka tara dangi rabon gado, babu wanda ya yarda ya taɓa takardun. Gida goma sha biyu, an rasa mai karɓar ko bulo ɗaya.

Kai da ke ganin gidanka ɗaya ya yi maka kaɗan, ka yi hattara da mai yi maka alkawarin goma a dare ɗaya. Duk wanda ya yarda a ci ɗan wani don ya yi kuɗi, ya riga ya miƙa nasa, lokaci kawai ake jira.